Judo a Jihar Neja: Kafin a Nemi Zinare, Wa Zai Koya wa Yaro Faɗuwa?

Daga ranar 31 ga Oktoba zuwa 13 ga Nuwamba 2026, birnin Dakar na ƙasar Senegal zai karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta matasa, karo na farko ke nan da wata gasa ta Olamfik za ta sauka a nahiyar Afirka. Judo na cikin wasannin da za a fafata. A gida kuma, bayan Bikin Wasanni na Ƙasa karo na 22 da aka yi a Jihar Ogun cikin watan Mayun 2025, tuta ta koma hannun Jihar Enugu, jihohi kuma sun shiga lissafin lambobin da za su nema.

Wannan lissafi ya zo ne a lokacin da ake sake fasalin harkar wasanni a ƙasar. Nijeriya ta dawo daga gasar Olamfik ta Paris a 2024 ba tare da lamba ko ɗaya ba, kuma babu ɗan judo a cikin tawagarta. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya rushe Ma'aikatar Wasanni, ya maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Malam Shehu Dikko. Tun daga lokacin maganar zaƙulo matasa daga tushe ta zama ruwan dare a bakin jami'ai.

Ga jiha kamar Neja, mai ƙananan hukumomi 25, tushen nan yana nufin garuruwa irin su Wushishi da Zungeru da ke bakin kogin Kaduna, inda samari ke tasowa da ƙarfin noma da su, kuma kokawa ba baƙuwa ba ce gare su kamar yadda take a sauran garuruwan Arewa. Duk mai neman 'yan judo zai yi sha'awar irin waɗannan samari. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: idan aka kawo su Minna, wane tanadi aka yi domin su kai ranar gasa da gwiwa da kafaɗa da wuya lafiya?

Ɗan kokawa da ɗan judo

Kokawa da judo 'yan uwan juna ne ta fuskar kama abokin karawa a raba shi da ƙasa. Amma akwai bambanci guda da ke da nauyi a maganar rauni. Ɗan kokawa yana wasa a kan rairayi, kuma da zarar an kai shi ƙasa wasa ya ƙare. Tarbiyyarsa duka ta ƙin faɗuwa ce. Ɗan judo kuwa ana iya kayar da shi sau da dama a atisaye guda, yau da gobe da jibi, shekara da shekaru.

Saboda haka ne tun lokacin da Jigoro Kano ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, darasin farko na judo ya kasance koyon faɗuwa, wanda ake kira ukemi. Ana koya wa ɗalibi ya manna haɓarsa a ƙirji don kada ƙeyarsa ta bugi ƙasa, ya lanƙwasa bayansa, ya mari katifa da ilahirin hannunsa domin nauyin faɗuwar ya bazu. Wanda bai koyi wannan ba, jikinsa zai yi abin da ya saba: ya miƙa tafin hannu ya tare ƙasa, ko ya murɗa jiki a iska don kada bayansa ya taɓa. Ta nan gwiwar hannu ke gocewa, kafaɗa ta fita daga gurbinta, wani lokaci wuya ya ɗauki nauyin mutum biyu.

Ma'ana, saurayin da ya fi kowa ƙwazo a dandalin kokawa na Wushishi shi ne ya fi buƙatar a yi masa a hankali a makonninsa na farko a kan katifa. Ƙarfinsa zai ruɗi koci mai gaggawa ya jefa shi cikin karawa da wuri. Dokar judo kanta ta lura da wannan hali na ƙin faɗuwa: ɗan wasan da ya gantsare ya dira a kan kai da ƙafafu don ya tsere wa kaye, alƙali kan ƙirga masa cikakken kaye, wato ippon, domin kada kowa ya ga riba a sayar da wuyansa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ƙididdigar da aka yi a gasar Olamfik ta Beijing a 2008 da ta Landan a 2012 ta nuna cewa kashi 11 zuwa 12 cikin 100 na 'yan judo sun ji rauni a lokacin gasar. Wani nazari da mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya ta buga a 2013, wanda ya tattara binciken da aka yi a baya, ya gano cewa raunukan da suka fi yawa su ne targaɗe da tsagewar tsoka da buguwa, kuma sun fi samun gwiwa da kafaɗa da yatsu. Hanyar da aka fi jin rauni ita ce lokacin da ake kayar da mutum.

Mafi yawan waɗannan raunuka na kwanaki ne ko makonni. Wanda ke cinye shekarar ɗan wasa shi ne tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda kan faru idan ƙafa ta kafe a katifa jiki kuma ya juya, ko abokin karawa ya faɗo wa gwiwa ta gefe. Gyaranta sai da tiyata, sannan watanni tara ko fiye na gashi da motsa jiki a hannun ƙwararru. Ga ɗan manomi daga Wushishi, wannan rauni ba wasa kaɗai yake tsayarwa ba. Damina guda ta tafi, kuɗin asibiti kuma ya hau kan iyali.

Darasin Japan da Faransa

Babu ƙasar da ta ɗanɗana kuɗar sakaci a wannan fanni kamar mahaifar judo. Binciken Ryo Uchida na Jami'ar Nagoya ya nuna cewa tsakanin 1983 da 2011 ɗalibai 118 ne suka rasu a Japan sakamakon wasan judo a makarantu. Da yawansu sababbin shiga ne, 'yan shekarar farko, kuma babban sanadi shi ne zubar jini a cikin ƙoƙon kai bayan ƙeya ta bugi katifa. Kayen da aka fi ambata shi ne osoto-gari, inda ake share ƙafar mutum ta waje ya faɗi ta baya. Wasu yaran sun riga sun yi ƙorafin ciwon kai kwanaki kafin bugun da ya kashe su, aka ce su daure.

Faransa tana da 'yan judo masu rajista fiye da Japan, sama da rabin miliyan, mafi yawansu yara, amma ba ta ga irin wannan asara ba. Babban bambancin da masu nazari ke nunawa shi ne koci. Tun ranar 28 ga Nuwamba 1955 Faransa ta yi dokar da ta hana kowa koyar da judo don a biya shi sai da takardar shaida ta gwamnati, kuma samun takardar na buƙatar sanin jikin ɗan Adam da agajin gaggawa da hanyar koyar da yara. A Japan kuwa an daɗe ana ɗaukar baƙar ɗamara a matsayin isasshiyar shaida. Sai a 2013 hukumar judo ta ƙasar ta shigo da tsarin lasisin masu horarwa, bayan iyayen yaran da suka rasu sun kafa ƙungiya sun matsa lamba. A 2022 hukumar ta ƙara da soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, tana mai cewa zafin neman nasara ya wuce kima.

Darasin ga Nijeriya a fili yake. Iya kayar da mutum daban, iya koyar da yaro daban. Tsohon ɗan wasa ko jami'in tsaro da ya yi judo a wurin aiki na iya zama koci nagari, amma sai an ƙara masa ilimin da ɗamara ba ta bayarwa. Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke Legas an kafa ta ne don horar da masu horarwa, kuma Hukumar Judo ta Duniya na da makarantar koyar da koci da ake yin wani ɓangare na karatunta ta intanet. Jihar da ta tura mutum biyu ko uku irin wannan karatu ta yi wa ɗaruruwan yara rigakafi da kuɗin da bai kai na tiyatar gwiwa kaɗan ba.

Minti ashirin kafin atisaye

Hujja mafi ƙarfi cewa tsararren ɗumama jiki na rage rauni ta fito ne daga ƙwallon ƙafa, kuma wani ɓangare nata daga Nijeriya. Tsarin FIFA 11+ motsa jiki ne na kimanin minti 20 da ya haɗa gudu da ƙarfafa tsokar ciki da cinya da tsayuwa a ƙafa ɗaya da koyon dira bayan tsalle. A 2014 Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi da matasa 416 na ƙungiyoyi 20 a gasar matasa ta Legas. Ƙungiyoyin da suka bi tsarin sun samu raguwar raunuka da kashi 41 cikin 100, raunukan ƙafa kuma da kashi 48. Ba a sayi na'ura ko ɗaya ba.

A judo an yi ƙoƙarin kwaikwayon wannan. A ƙasar Holan masu bincike sun tsara wani shiri mai suna IPPON, suka gwada shi a kan 'yan wasa 269, aka buga sakamakon a 2023. Waɗanda suka bi shirin sun ɗan fi samun sauƙin rauni, amma tazarar ba ta kai yadda masana ƙididdiga za su tabbatar cewa shirin ne ya jawo ta ba. Wannan ya nuna cewa ɗumama jiki kaɗai ba zai ɗauke nauyin komai ba a wasan da rauninsa ke zuwa daga hannun wani mutum. Yana gyara gwiwa da idon sawu da kafaɗa su jure, amma bai hana abokin karawa yin kaye marar kyau ba.

Don haka shirin da ya dace da ɗakin judo a Minna ƙafa uku gare shi. Na farko, ɗumama jiki mai tsari a kowane zama, da motsin ƙarfafa wuya da ƙugu da bayan cinya, waɗanda ake yi da nauyin jiki ko na abokin atisaye. Na biyu, maimaita faɗuwa kullum har ga manyan 'yan wasa, tare da hana sabon shiga karawa ta gaske sai koci ya gamsu da faɗuwarsa ta kowace fuska. Na uku, haɗa abokan atisaye bisa nauyi da shekaru da ƙwarewa, domin haɗari kan ƙaru idan aka haɗa ƙato da ƙaramin yaro, ko gwani da ɗan koyo.

Juriyar numfashi ma rigakafi ce. Karawar manya minti 4 ce, amma idan ba a samu wanda ya yi nasara ba sai a shiga ƙarin lokaci marar iyaka, kuma mai neman lamba zai yi karawa huɗu ko biyar a yini guda. Gajiya na lalata tsayuwa da faɗuwa, ɗan wasan da numfashinsa ya ƙare shi ne ke jefa ƙafa inda bai kamata ba. Wannan juriya ba a samunta a sansanin makonni biyu ko uku da jihohi suka saba buɗewa dab da bikin wasanni. Hasali ma, ɗora wa jikin da ya yi watanni yana hutu atisaye sau biyu a rana na daga cikin sanannun hanyoyin jawo rauni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Katifa, zafi da ma'auni

Filin gasa na judo mafi ƙanƙanta mita 8 ne a tsaye da kwance, da ƙarin aƙalla mita 3 na kariya a kowane gefe. Jimilla mita 14 sau 14 ke nan, wato katifu 98 masu faɗin mita 1 da tsawon mita 2. Daga waje ake shigo da su, tsadar canji kuma ta sa ƙananan kulob da makarantu kan koma ga soso mai laushi ko tsofaffin katifu a kan siminti. Kowanne da illarsa: mai laushi na riƙe ƙafa gwiwa ta murɗe, wanda ya mutu kuma ba ya tare kai daga siminti, ratar da ke tsakanin katifu tana karya yatsun ƙafa. Ɗakin atisaye ba ya buƙatar cikakken filin gasa. Katifu 30 masu kyau da aka ɗaure su da katako a gefe sun fi 100 da suka lalace, muddin aka rage yawan masu karawa a lokaci guda.

Sai yanayi. A watannin Maris da Afrilu zafin Minna da kwarin kogin Kaduna kan doshi digiri 40, rigar judo kuwa auduga ce mai kauri. Atisaye da tsakar rana a ɗaki mai rufin kwano haɗari ne ko ga mai cikakkiyar lafiya. A 'yan shekarun nan azumin Ramadan ma ya faɗo a wannan tsakani, abin da ke buƙatar a mayar da atisaye mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki. Akwai kuma batun sikila: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da rukunin AS. Masu shi na yin wasanni har matakin duniya, amma idan matsanancin atisaye ya haɗu da zafi da ƙishirwa suna iya faɗuwa farat ɗaya. Tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta shigo da gwajin wannan ga 'yan wasan babban rukuninta. Gwajin yana samuwa a manyan asibitocin gwamnati a Nijeriya, kuma amfaninsa koci ya san wanda zai ba hutu da ruwa a kan kari.

Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne rage nauyi da gaggawa. Judo na da rukuni 7 ga maza, daga kilo 60 zuwa sama da 100, da 7 ga mata, daga kilo 48 zuwa sama da 78. Wani bincike da aka buga a Brazil a 2010 kan 'yan judo 822 ya gano cewa kashi 86 cikin 100 sun taɓa rage nauyi don gasa, ta hanyar ƙin ci da ƙin sha da gudu cikin kaya masu kauri ko leda. A 1996 ɗan judon Koriya ta Kudu Chung Se-hoon ya rasu yana ƙoƙarin rage nauyi gabanin gasar Olamfik ta Atlanta. Hukumar Judo ta Duniya na yin awo ana gobe gasa, sannan da safe a sake auna wasu da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, wanda ya haura iyakar rukuninsa da fiye da kashi 5 cikin 100 a cire shi. A gasar jihohi, inda kowace jiha ke son cike kowane rukuni, jarabar matse yaro ya sauka rukuni na da ƙarfi. Ga yaro mai tasowa ƙa'idar likitoci ɗaya ce: ya yi wasa a nauyin da Allah ya ba shi.

Sababbin dokoki da 'yan ƙasa da 18

Tarihin dokokin judo cike yake da gyaran da rauni ya haifar. An haramta kayen almakashi, kani-basami, wanda ya karya ƙafar gwarzon Japan Yasuhiro Yamashita a 1980. A dokokin da suka fara aiki a Janairun 2025 an dawo da makin yuko, an sassauta kama riga da wando a ƙasan ɗamara, an kuma halatta wa manya da matasa amfani da kai wajen kaye ko kare kai. Amma ga rukunin 'yan ƙasa da shekara 18 an bar shi a matsayin laifi mai jawo gargaɗi.

Yara a Minna da Bida da Kontagora na kallon manyan gasa a wayoyinsu, za su kuma kwaikwayi abin da suka gani. Idan koci da alƙalin wasa na jiha ba su san inda aka ja layi ba, abin da aka halatta wa ƙwararre mai wuyan da aka shekara goma ana ginawa zai shiga hannun ɗan shekara 14. Haka nan matsalar ƙaryar shekaru a Gasar Matasa ta Ƙasa, wadda ta 'yan ƙasa da 15 ce. A tsere maguɗi ne kawai, a judo kuwa haɗa yaro da babba ne a fili guda.

Bayan an ji rauni

Minna na da Babban Asibiti da Asibitin Ƙwararru na IBB, Bida na da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano kuma shi ne babbar madogarar Arewa a wannan fanni. Amma a karkara maɗori ne na farko da ake nufa, saboda kusanci da sauƙin kuɗi da yarda. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu kan hannaye da ƙafafun da suka ruɓe saboda ɗaurin karan ɗori ya toshe jini. Tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa ba karaya ba ce, ɗori ba ya kama ta, ɗan wasa zai ga kumburi ya saɓe ya koma katifa da gwiwar da ba ta da birki.

Ga bugun kai, ƙa'idar duniya ba ta da sassauci: wanda ya ruɗe, ko jiri ya ɗebe shi, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, a cire shi nan take, kada ya dawo a wannan rana, kuma sai likita ya sallame shi. Ciwon kai mai ƙaruwa ko barci marar dalili bayan faɗuwa na nufin a nufi asibiti a daren, ba a jira safiya ba.

Abin da ke hannun hukumomi

Nijeriya ta nuna tana iya fitar da gwanaye. Catherine Ekuta ta wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta Athens a 2004, 'yarta Enku Ekuta kuma ta ci zinaren Afirka a rukunin kilo 63 a Antananarivo a 2020, ta je gasar Tokyo. Irin wannan nasara ta gidan da aka fara koyon faɗuwa tun ƙuruciya ce, ta kuma ɗauki shekaru masu yawa jiki na amsawa.

Matakan da za su ba yaron Wushishi irin wannan dama ba su fi ƙarfin kasafin jiha ba. Hukumar Judo ta Nijeriya na iya sharɗanta takardar koci da shaidar agajin gaggawa kafin a yi wa kulob rajista. Gwamnatin Gwamna Mohammed Umaru Bago na iya tabbatar da gwajin lafiya kafin sansani, da inshorar da za ta biya tiyata idan an ji rauni da rigar jiha, da atisayen da ke gudana duk shekara. Hukumar Wasanni ta Ƙasa kuma na iya buƙatar a rubuta kowane rauni da aka samu a Bikin Wasanni da Gasar Matasa, a fitar da alƙaluman tare da teburin lambobi. Japan ba ta gyara ba sai da wani malami ya zauna ya ƙirga yaran da aka rasa. Littafin rajista a kowane ɗakin atisaye, mai ɗauke da sunan gaɓar da ta ji ciwo da irin kayen da ya jawo da kwanakin da aka yi ana jinya, zai nuna wa Jihar Neja cikin shekara guda inda ya kamata ta fara sa kuɗinta.